Ranar da na ɗaure injin Baba Arzika a bayan mota

Tafiye-tafiyen da na yi da motar jami'a suna da yawa, wasu ko an tuna mini ba ni iya tunawa. Amma ranar da na kai ɗaliban sashen kwamfuta gidan Baba Arzika ta ƙi fita raina, kuma ba ni jin za ta fita. Ku direbobin da kunka shigo aikin nan bayanmu kuna yawan tambayar abin da ya sa mutum mai shekaruna ya ƙare a tankar ruwa. Na ji ana cewa haɗari na yi, na ji ana cewa mai na sayar. Duk ƙarya ne. Za ni faɗa muku yadda anka yi, da ɗan bokon da nake da shi, wanda bai wuce firamare ba.

Sunana Bawa, mutumin Sabon Birni. A lokacin ina kan muƙamin babban direba, wato wanda ake ba babbar bas da doguwar tafiya. Ga wanda bai san tsarin ba, in wani sashe zai fita da ɗalibai, shugaban sashe ke neman mota, ofisan sufuri ya ware mota ya ware direba. Malamin da anka ɗora wa tafiyar shi ake kira shugaban tafiya. Ɗalibai nashi ne, shi ke cewa a tsaya, shi ke cewa a tashi. Direba kuwa mota ce tashi, da duk abin da anka ɗora mata. Haka anka koya mana tun ranar ɗaukar aiki, kuma haka na riƙe.

Shugaban tafiyar tamu Dakta Kabiru ne, mai koyar da tarihin kwamfuta. Shi ya shirya a ƙetara da 'yan ajin ƙarshe zuwa Nijar, su ga tsofaffin na'urorin da sunka rage a ofisoshi tun zamanin da, su dawo su yi rubutu a kai. Ba za ni yi mishi ƙarya ba don ina fushi da shi: ya san aikinai, ba ya zagin ɗalibi, kuma shina gaida direba.

Kafin tafiya ya zo gareji duba mota. Muna hira sai ya ce mini wai a da kwamfuta ɗaki guda take cikawa, kuma ba a yi mata magana sai da kati mai huji-huji. Na yi dariya na ce wanga ai tun ina yaro na san shi, na ma taɓa injin da ke huda katin da hannuna. Ya tsaya cak. Ya ce a ina?

Baba Arzika aminin mahaifina ne. Garinsu na can bayan Burkusuma, in ka ƙetara cikin Nijar. Mahaifina fatauci ya yi tsakanin kasuwannin nan, kuma duk ƙetarawar da zai yi gidan Baba Arzika yake sauka. Da mahaifina ya rasu, shi ya tsaya mini wurin aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Da ƙuruciya ya yi aiki a wani kamfanin gyaɗa a Nijar, a biro, kamar yadda suke kiran ofis a can, kuma aikinai shi ne huda katin nan. Da kamfanin ya daina amfani da injunan, maigidansu ya bar mishi ɗaya. Bisa babbar mota ya kawo shi gida, ya aje a ɗakin kwananai. Ba a shago ba, ba a zaure ba. Inda yake kwana.

Dakta ya ce lallai mu biya. Na aika da saƙo ta hannun wani mai babur, amsa ta dawo cewa baƙon Bawa baƙonai ne, mu taho.

Bayan kaka ne, an gama kai gero rumbu, kuma hanya ba ta lalace da tsoro kamar yanzu ba. Munka biyo ta Isa, munka kwana Sabon Birni, ɗalibai mata gidan yayata, maza a wata makaranta. Da safe anka duba takardunmu a boda munka shiga. Hanyar ta babura ce fiye da ta bas, na sha yashi har hannuwana sunka yi tsami, amma na kai su lafiya.

Tsohon nan akuya ya yanka. An dama hura a manyan ƙore, an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Maƙwabta sun cika zaure, har mai gari ya aiko da wakili, don ba a taɓa ganin motar jami'a a garin ba. Baba ya sa babbar rigar da na san ba ya sa ta sai da salla.

Cikin ɗaliban akwai wata Rashida, Bayarbiya ce amma haihuwar Sakkwato. Baba na jin an ce Bayarbiya sai ya ɗaga sanda.

"A'a! Bawa, ka kawo mini baiwata ba ka hwaɗa ba? Ke, taho nan ki yi mini hihita."

Ta ce, "Baba, ku da wa? Zanen fuskar nan ai mu munka yi muku, don kar bayinmu su ɓace a kasuwa."

Zaure ya ɗauki dariya. Wasan Gobirawa da Yarbawa ke nan, kowa ya san shi. Na ji daɗi a raina, na ce yau na fita kunyar tsoho.

Bayan an ci abinci ya shigar da su ɗaki kashi-kashi. Injin kamar teburin tela yake, sai dai ya fi shi girma da nauyi, ƙarfe ne zalla, da maɓallai irin na tafireta a gaba. Ba wuta a garin, kuma ko da akwai ban sani ba ko zai tashi. Amma Baba ya ja kujera ya zauna, ya aza yatsu bisa maɓallan, sai ga yatsun tsoho suna gudu kamar ba nashi ba. Ya nuna musu inda kati ke shiga, inda yake fita. Ya ce huji ɗaya in ya kauce, gyaɗar gari guda ta ɓace a lissafi, sai Bature ya fito shina ihu. Ɗalibai na ta tambaya, shina amsawa, wani wuri da Hausa, wani wuri Faransanci ya kufce mishi. Tunda nake ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

Dakta kuwa zagaya injin yake, shina shafawa, shina leƙa ƙasa. Can ya miƙe ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa ganin irinsa da idona ba sai a hoto. Abin nan ya yi kyau. Ina ma a ce muna da shi a jami'a."

Baba ya ce, "Ai naka ne, Dakta. Ɗauka."

To, a nan za ni tsaya, don wanda bai tashi cikinmu ba. A wurinmu in baƙo ya yaba abinka, riga ce, doki ne, rediyo ce, dole ka ce mishi nashi ne. Kara ce. Shi kuma baƙon ya san abin da zai ce: Allah ya bar maka abinka. Shi ke nan, kowa ya fita da mutuncinai. Yaron da bai fara azumi ba ya san wannan. Kuma Dakta ba Bature ba ne, ba daga sama ya faɗo ba. Bahaushe ne uwa da uba.

Sai na ji ya ce, "Alhamdu lillahi! Mun karɓa, Baba, mun gode." Ya juya ga wani ɗalibi ya ce ya fiddo waya ya ɗauka. "Baba, ɗan sake faɗa, saboda tarihi."

Baba ya dube ni. Sau ɗaya, bai ƙara ba. Sannan ya dubi wayar ya sake faɗa, wakilin mai gari na tsaye bakin ƙofa, maƙwabta na leƙe ta taga.

Mai gida ba ya iya janye irin wagga magana. In da wanda zai gyara, to wanda ya kawo baƙon ne. Ni ke nan. Na ce Dakta ya ɗan ba ni minti, na ja shi bayan rumbu inda ba kowa.

Na ce, "Yallaɓai, kara ce ya yi maka."

Ya ce, "Na sani, Malam Bawa."

Wannan kalma ita ta fi ƙona mini rai har yau. Da cewa ya yi bai gane ba, da na yi mishi bayani mun rabu lafiya.

Na ce, "To in ka sani, je ka ce Allah ya bar mishi. Ko ka ce kun karɓa, kun ba shi ajiya. Kowa zai gane, ba wanda zai ji kunya."

Ya ce, "Saurara. Tsohon nan saura shekara nawa gare shi? Ran da ya rufe ido, 'ya'yansa za su kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna shi a sikeli. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ya yi ba, ni ma na sani.

Ya ce, "A jami'a ɗalibai za su gan shi shekara da shekaru. In na tambaye shi kai tsaye zai hana, ni da kai mun sani. Allah ya kawo dama, ba zan sake ta ba. Wannan tarihi ne, ba na mutum ɗaya ba ne."

Na ce, "Tarihin yana da mai shi, kuma ga shi can zaune da rai. Ka jira ya mutu mana, ni da kaina za ni kawo ka ka roƙi 'ya'yan."

Ya ce, "Ka tsaya a kan tuƙinka."

Muna dawowa ya sa ɗalibai maza sunka kama injin. Sai da sunka cire ƙyauren ɗakin kafin ya fita. Suna nishi suna dariya, sunka kawo shi bakin mota sunka dire. Na wuce su na kulle ƙofar baya, na sa makulli a aljihu, na tsaya.

Dakta ya ce, "Buɗe."

Na ce, "Motar nan ba ta ɗaukar shi."

"Direba, ni ne shugaban tafiyar nan." Yau na koma direba, Malam Bawa ya tafi.

Na ce, "Kai ne shugaban tafiya, ba mai musu. Ɗalibai naka ne. Kaya bisa mota nawa ne, je ka tambayi ofisan sufuri. Kuma na ce ba ta ɗauka."

Rashida ce kaɗai ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Dakta, don Allah a bar mishi. Mun ɗauki hoto, mun ɗauki bayani. Ko a gidanmu in an ce maka ɗauka, ba ɗauka ake ba."

Ya ce mata, "Ke da wa ake magana? Kina da sakamako a hannuna, ki kiyaye." Ta ja baya tana share ido. Ban ga laifinta ba, shekarar ƙarshe take.

Ya dawo kaina. Ya ce zai rubuta ni, ya ce na san abin da ake yi wa ma'aikacin da ya ƙi umarni gaban ɗalibai a ƙasar waje. Na ce ya rubuta, in takarda ta ƙare mishi za ni ƙara mishi. Na yi nufin mu kwana nan in ta kama. Wallahi a lokacin aikin ya fita raina, ko kora ce na shirya mata.

Abin da ban shirya wa ba shi ne Baba. Sai ga shi ya fito daga zaure shina dogara sanda, mutane na buɗa mishi hanya. Bai dubi Dakta ba. Gabana ya tsaya.

"Bawa."

"Na'am, Baba."

"Mi kake yi?"

Na durƙusa na ce, "Baba, motar ce ba ta da wuri."

"Kai, tashi. Ni za ka yi wa wanga zance? Na ba baƙo abu gaban mutanen gari, kai kuma ka tsaya ka hana? So kake gobe a ce Arzika ya yi kyauta ya aiko yaronai ya amshe? Da tsuhwana za ka maishe ni ƙaramin mutum?"

Na ce, "Baba, ai ba da ranka..."

"Wa ya tambaye ka raina? Da ubanka na da rai ba ka yi mini haka. Buɗe motar."

Dakta kam ina iya ƙi mishi, kuma na ƙi. Shugaban jami'a da kanai ya zo a ranar, da na ƙi. Amma wanga mutum shi ya zauna a matsayin ubana ranar aurena. Na ciro makulli na buɗe.

Ban bar ɗalibi ko ɗaya ya ɗaure shi ba. Na kwance kujerun baya, na shimfiɗa tsohuwar taya da buhunna, munka aza shi, na ɗaure da igiyata ta kowane gefe yadda ko rami munka faɗa ba zai motsa ba. Ɗaurin ya yi. Baba na tsaye har na gama. Ya sa hannu ya ja igiyar ya ji ta yi tauri, ya ce da Faransanci, "Bon," wato ya yi. Sannan ya yi wa ɗalibai addu'a ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Rashida ta gaida iyayen gidanta Gobirawan Sakkwato. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ya juya ya shiga gida kafin in tada mota.

Haka munka yi sauran tafiyar, gari bayan gari, injin na bayana. Duk ramin da na shiga sai in ji ƙarfen ya yi ƙara. Ni da Dakta ba mu sake magana ba sai tsaya da tashi. Shi kuwa kowane masauki sai ya tara ɗalibai bakin ƙofar baya ya yi musu lacca a kai.

Da munka dawo ya cika alkawari, ya rubuta ni. Anka ba ni takardar tuhuma, anka kira ni gaban kwamitin ladabtarwa na ƙananan ma'aikata. Ga wanda bai taɓa shiga ba, mutane ne ke zaune bayan tebur, kai kana tsaye, a karanta maka laifinka, a ce kana da abin cewa? Na faɗa musu duk yadda anka yi. Dukansu Hausawa ne in ban da mutum ɗaya, kuma na ga sun gane, wani ma har ya sunkuyar da kai. Sai anka kunna musu wayar nan, ga Baba da bakinai shina cewa naka ne, ɗauka. Shugaban kwamiti ya ce, "Malam Bawa, mu abin da ke gabanmu muke dubawa. Mai abu ya bayar. Kai ka ƙi buɗe mota ko ba ka ƙi ba?" Na ce na ƙi. Ya ce to shi ke nan.

Ba su kore ni ba, wai don daɗewata a aiki. Sun cire ni daga doguwar tafiya, sun ba ni tankar da ke kai ruwa gidajen malamai. Har gidan Dakta ina kai wa.

Injin kuwa an yi mishi biki. An sa shi a tsakiyar sashe, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. Na je na leƙa daga baya. An manna ɗan allo a jikinai, na haɗa baƙaƙen a hankali na karanta. Sunan Dakta na nan, sunan sashe na nan. Na nemi Arzika sama da ƙasa ban gani ba. Daga baya Dakta ya samu ƙarin girma ya koma wata jami'a. Wanda ya gaje shi ya ce abin ya tare hanya, anka tura shi ƙarƙashin bene. Can yake yanzu, kowannenku na iya zuwa ya gani. An ɓalle maɓallai da yawa, masu shara na jingina tsintsiya a kai.

Na daɗe ban iya zuwa garin Baba ba. Da salla matata ta matsa, na hau babur daga Sabon Birni na tafi. Ya karɓe ni kamar kullum. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, munka yi zancen damina, zancen tsadar taki, zancen wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Bai kai ni ɗaki ba, a zaure munka zauna, kuma bai ta da maganar ba. Na yi sallama, har na ɗora ƙafa bisa babur, sai ya riƙe mini hannun riga.

"Yaran na karatu da shi?"

Na ce, "Suna yi, Baba. Kullum."

Ya ce, "To, madalla."

Damina ba ta zagayo ba ya rasu.

Ga abin da na koya, ku riƙe ko ku zubar, ruwanku. Direba a wurin nan kunne ne da ƙafa. Kuna zaune gaba da manya, hanya ta yi tsawo, hira ta yi daɗi, sai ka ji kamar babban da ke gefenka abokinka ne, ka fara ba shi labarin garinku da mutanenku. To ku sani, shi yana da abin da yake nema, kuma in ya gani zai ɗauka, yana da hujja mai kyau da zai faɗa, kuma ofis zai tsaya bayanai. Ba duka ba ne mugaye, Dakta ma ban ce mugu ba ne. Amma mutanenmu na ƙauye da kunya suke mu'amala, kuma wanda ya san kunyarsu ya yi niyyar amfani da ita, ba su da abin kare kai. Kai da ka kai shi ƙofar gidan, kai ka buɗe mishi. Motar gwamnati ku kai ta inda anka rubuta, ku dawo da ita. Kada ku kai ta gidan wanda kuke jin nauyi.

Kwanan baya wata malama daga sashen tarihi ta tare ni ina juye ruwa a gidanta. Ta ce an ce mata ni ɗan Gobir ne, ko na san tsofaffin da ke aje da kayan da, takubba ko littattafai ko wani abu, tana so ta kai ɗalibai su gani. Mace ce mai kirki, har lemo ta ba ni. Na san gidaje da dama tsakanin Isa da Burkusuma da in ta shiga sai ta rasa bakin magana. Na shanye lemon, na naɗe tiyo, na ce mata Hajiya ni direba ne, ban san kowa ba.